Muhimmancin Shafin Intanet ga Ƙananan 'Yan Kasuwa da Masu Sana'a

Shafin intanet na kasuwanci fili ne a yanar gizo mai adireshinsa na kansa, inda ɗan kasuwa ko mai sana'a yake baje bayanin hajarsa: abin da yake sayarwa, farashinsa, inda shagonsa yake, lokacin da yake buɗewa, da hanyar da za a same shi. Duk mai waya ko kwamfuta da ke da data yana iya rubuta wannan adireshi ya shiga, ko kuma ya nemi kayan a Google a nuno masa shi. A da, bankuna da manyan kamfanoni kaɗai ake gani da irin wannan shafi. Yanzu kuwa tela da baduku da mai kilishi da mai sayar da turaren wuta duk suna iya mallakarsa, kuma buƙatarsu gare shi ta ma fi ta manyan kamfanonin, domin su ne ba su da kuɗin yin talla a rediyo da talabijin.

Asalin abin da yadda ya iso

Wani masani ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee ne ya tsara yanar gizo a 1989, lokacin yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Suwizalan. Shafi na farko ya fito ga jama'a a 1991, kuma a 1993 cibiyar ta saki fasahar kyauta ga kowa da kowa. Wannan sakin ne ya sa har gobe babu wani kamfani guda da ya mallaki yanar gizo, kowa yana da damar kafa shafinsa a cikinta.

A Nijeriya, abin da ya kawo intanet hannun talaka shi ne wayar salula ta GSM, wadda ta fara aiki a 2001. Da wayoyi masu shafawa suka yi araha, sai mafi yawan masu shiga intanet suka zama ta waya suke shiga. Zagaye ɗaya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya isa ya nuna yadda wannan na'ura ta shiga rayuwar mutane. A 2012 manyan kasuwannin intanet irin su Jumia da Konga suka buɗe, jama'a suka fara sabawa da sayen abin da ba su taɓa da hannu ba. Kullen korona na 2020, da ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023 bayan sauya fasalin naira, sun ƙara tura mutane ga yin oda ta waya da biya ta tiransifa, har da waɗanda a da ba su yarda da komai ba sai kuɗi hannu.

Darasi daga tsohuwar kasuwa

Cinikin nesa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kasuwar Kurmi ta Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Gat da Tarabulus ta arewa, da Tambutu ta yamma. Fatake ne suke ɗaukar kayan. Idan sun isa wani gari, fatoma ne yake saukar da su, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu. Dillali kuma shi ne yake haɗa mai kaya da mai saye, ya karɓi la'adarsa. Aikin waɗannan mutane biyu ne: su sa a san inda kaya suke, su kuma sa baƙo ya amince da wanda bai taɓa gani ba.

Akwai kuma wani darasin mai ɗaci. Fatar jan akuya da aka jeme a Kano da Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara zuwa Turai, amma a can da sunan fatar Maroko aka san ta, saboda ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka take isa. Majemin da ya sha wahalar aikin bai samu sunan ba, kuma mafi tsokar ribar ta tsaya a hannun na tsakiya. Mai saye bai san shi ba, ba shi kuma da hanyar da zai neme shi.

Amfanin shafin intanet duka yana komawa ga waɗannan darussa biyu. Yana yin wani sashe na aikin dillali da fatoma, sannan yana liƙa sunan mai sana'a a jikin aikinsa duk inda aikin ya je.

Samuwa ga mai nema

Amfani na farko shi ne mai neman kaya ya samu mai kaya. Mutum a Abuja ko Fatakwal da yake son buhun riɗi, ko rinannen yadi na Ƙofar Mata, ko hula zanna-bukar, a yau yakan fara ne da rubuta sunan abin a wayarsa. Wanda ya fito masa a sakamakon binciken shi zai fara kira. Ɗan kasuwar da ba shi da shafi, ko da kayansa sun fi na kowa inganci, bai shiga wannan takara ba sam.

Har ga mutanen gari ɗaya abin haka yake. Baƙon da ya sauka a unguwa yana neman kantin magani ko makaniki ko gidan abinci, taswirar Google yake dubawa. Kamfanin yana ba kowane mai shago damar yin rajistar wurinsa a taswirar kyauta, ya sa lokacin buɗewa da lambar waya da hotuna. Idan aka haɗa wannan rajista da adireshin shafi, mai nema yana ganin inda shagon yake, ya kuma shiga ya ga abin da ke cikinsa tun kafin ya hau adaidaita.

Amana

Babban abin da ke hana cinikin nesa shi ne tsoron damfara. Mutane da dama sun tura kuɗi ga wani mai hotunan atamfa a kafar sada zumunta, daga nan lambar ta daina shiga. Saboda haka mai saye yana neman alamun da za su kwantar masa da hankali, kuma shafi ne wurin da ake tara su: cikakken adireshin shago, hoton ƙofarsa da allon sunansa, lambar rajista ta Hukumar Rajistar Kamfanoni wato CAC, lambar NAFDAC ga mai sayar da abinci ko kayan shafawa da aka sarrafa, da ƙa'idar mayar da kaya idan an samu matsala. Gani ya kori ji. Wanda ya bayyana inda yake zaune ya nuna cewa ba shi da niyyar gudu.

Wannan ya fi tasiri idan ciniki ya haɗa da kamfani ko ma'aikata. Jami'in saye da zai ba da kwangilar ɗinkin yunifom ko kawo hatsi yakan bincika sunan mai neman aikin a intanet. Wasiƙar da ta zo daga adireshin imel mai ɗauke da sunan kasuwancin ta fi wadda ta zo daga adireshin kyauta kwarjini a idonsa, kuma irin wannan imel tare da sunan shafi ake samunsa.

Shagon da ba ya rufewa

A ɗauki misalin wani tela a Fagge mai ɗinkin manyan riguna, ana saura wata guda Sallah. Tun safe wayarsa take ƙara. Wannan yana tambayar nawa ne aska takwas, wancan yana son a turo masa hotunan aikin wuya, wani kuma yana tambaya ko za a gama kafin jajibere. Duk kira ɗaya sai ya ɗaga ƙafa daga keke, ya binciko hoto a cikin ɗaruruwan hotunan da ke wayarsa, ya tura. Kafin magariba ya amsa tambaya iri ɗaya ga mutane da yawa, aikin da ke gabansa kuma bai yi nisa ba.

Idan yana da shafi, kowane samfurin ɗinki yana da hotonsa da lambarsa da farashinsa. Akwai bayanin yadda mutum zai auna kansa ya turo, da ranar da za a rufe karɓar ɗinkin Sallah. Mai tambaya sai a tura masa adireshin kawai. Wanda ya duba ya dawo, ya riga ya zaɓi abin da yake so, ya san kuɗinsa, magana ta rage a kan biya da ranar karɓa. Shafin yana wannan aiki da tsakar dare, yana yi ranar Juma'a ana masallaci, yana yi ranar da telan ya tafi ta'aziyya ƙauye.

Faɗaɗa kasuwa da sauƙaƙa biya

Shagon da ke lungu masu wucewa ta lungun ne kasuwarsa. Shafi kuwa ana buɗe shi daga Maraɗi da Damagaram, da zangon Kumasi, da Jidda da Landan, duk inda Hausawa suke zaune suna kewar kilishi da dambun nama da yajin gida. Kai kayan ma ba sabon abu ba ne, domin an daɗe ana sa saƙo a mota a tasha a karɓa a wani gari, ga kuma kamfanonin kai saƙo. Abin da ya rage shi ne mai son kayan ya san da wanda zai yi magana.

Ta ɓangaren biya, kamfanoni irin su Interswitch da aka kafa a 2002, da Paystack na 2015, da Flutterwave na 2016, suna ba ɗan kasuwa damar karɓar kuɗi ta kati ko tiransifa a cikin shafinsa, su cire ɗan kaso a kowane ciniki. Fa'idar wannan ita ce tsarin da kansa yake tabbatar da shigar kuɗi, don haka alat na bogi ba ya tasiri. Kowane ciniki kuma yana barin shaida a rubuce, da kwanan wata da adadi. Ɗan kasuwar da ya je neman jari a banki, ko tallafi daga hukuma irin SMEDAN, yana da lissafin da zai nuna, ba ƙiyasin baki ba.

Akwai rukunin da wannan fa'ida ta fi shafa, wato matan da ke sana'a a cikin gida: masu humra da turaren wuta, masu cincin da alkaki, masu ɗinkin zannuwan gado. A al'ada yara ne suke fitar musu da kaya talla, abin da yake cin lokacin karatun yaran, ya kuma jefa 'yan mata cikin haɗari. Mace mai shafi tana baje kayanta ga jama'a tana zaune a ɗakinta, a yi oda, mai kai saƙo ya zo ƙofar gida ya karɓa.

Shafi da kafofin sada zumunta

Tambayar da aka fi yi ita ce: wanda yake ciniki a WhatsApp da Facebook da Instagram, me zai yi da shafi kuma? Waɗannan kafofi suna da amfani ƙwarai, domin a nan jama'a suke taruwa, kuma saƙon murya yana isa ga wanda bai iya karatun boko ba. Sai dai asusun da mutum ya buɗe a cikinsu ba mallakarsa ba ne. Rumfa ce a kasuwar wani. Mai kasuwar ne yake yanke wa zai ga tallar da wa ba zai gani ba, yana iya sauya doka ba shawara, yana iya rufe asusu ba bayani. Zanen aro ba ya rufe katara.

An ga haka a fili. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka tsaya cik a duk duniya na kusan awa shida, daga bayan la'asar zuwa dare a agogon Nijeriya. A shekarar kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni, ba a ɗage ba sai 13 ga Janairu, 2022. Duk wanda cinikinsa ya dogara ga waccan kafa kaɗai, wata bakwai ya yi ƙofarsa a rufe. Ban da wannan, kullum ana sace wa mutane asusun WhatsApp ta hanyar yaudararsu su faɗi lambar sirri da aka turo musu, ɓarawon ya koma yana karɓar kuɗi daga abokan cinikinsu.

Mai shafi idan haka ta same shi yana da inda zai sanar da jama'a sabuwar lambarsa, ya gargaɗe su. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a haɗa biyun: a yi shela a kafofin sada zumunta, a jawo mutane zuwa shafi su ga kaya a tsare, a kuma sa maɓallin WhatsApp a shafin don a ƙarasa ciniki da baki kamar yadda aka saba.

Abin da ake buƙata

Abubuwa uku ne ke haɗa shafi. Na farko suna, wato adireshin da ake rubutawa. Ana yin rajistarsa, a riƙa sabuntawa duk shekara. Sunayen da suka ƙare da .ng ko .com.ng na Nijeriya ne, ƙungiyar NiRA ce take kula da su, kuma ana biyan kuɗinsu da naira ta hannun wakilanta. Na Nijar suna ƙarewa da .ne, na Gana da .gh. Suna mai kyau shi ne gajere, mai sauƙin faɗa a waya, wanda ya yi daidai da na allon shago.

Na biyu masauki, wato wuri a babbar kwamfutar wani kamfani da ba a kashewa dare da rana, inda ake ajiye rubutu da hotunan shafin. Shi ma haya ake biya, wata-wata ko shekara-shekara. Na uku ginin shafin kansa. Manhajar WordPress, wadda ta fito a 2003 kuma kyauta ce, ita ce ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, kuma matasa da yawa a garuruwan Arewa sun iya aiki da ita.

A nan akwai kuskuren da ya jawo wa mutane da dama asara. Mai gina shafi yakan yi rajistar sunan da imel ɗinsa, ya riƙe kalmar sirri. Ranar da aka saɓa, ko ya bar gari, mai kasuwanci sai ya tarar ba shi da iko da shafinsa. Ƙa'ida ita ce a yi rajistar suna da masauki da sunan mai kasuwancin da imel ɗinsa, ya karɓi kalmomin sirri ya adana, ya kuma rubuta ranar sabuntawa, domin sunan da aka bari ya mutu wani yana iya saye.

Siffar shafi mai amfani

Shafin ƙaramin ɗan kasuwa ba ya buƙatar ado mai yawa. Ya kasance yana buɗewa da sauri a ƙaramar waya, a inda sabis ba shi da ƙarfi, don haka a rage nauyin hotuna, a guji bidiyon da ke cinye data. Hotunan su zama na kayan da ke shagon, a ɗauke su da hasken rana, kada a kwaso na wasu. Farashi ya fito ƙarara, a kuma riƙa gyara shi idan kasuwa ta motsa, domin tsohon farashi yana haifar da rigima. Rubutun ya zo da harshen masu saye: Hausa ga na gida, Ingilishi ga na Kudu, Faransanci idan ana neman kasuwar Nijar da Kamaru da Chadi.

Dole kuma shafin ya kasance da kariya, wadda ake ganewa da adireshin da ya fara da https. Tun 2018 manhajar Chrome take nuna gargaɗin rashin tsaro a kan shafin da ba shi da ita, kuma gargaɗin yana korar masu saye. Ana samun wannan kariya kyauta daga Let's Encrypt, yawancin masu ba da masauki ma suna haɗawa da ita.

Iyakoki da nauyin da ke kan mai shafi

Shafi ba ya gyara mugun kaya, ba ya kuma rufe saɓa alkawari. Wanda ya nuna hoton shadda mai kyau ya aika da wadda ba ta kai ba, ya yi algus, kuma intanet ɗin da ya tallata shi zai yaɗa sunansa da sauri fiye da yadda ya tallata shi. Hukuncin ciniki bai canja ba don an koma waya: a bayyana aibin kaya, a cika mudu, a kai a ranar da aka ce. Siyan na gari mayar da kuɗi gida, kuma mai saye da ya ji daɗi shi ne yake kawo na gaba.

Sunaye da lambobin waya da adireshin abokan ciniki da shafi yake tarawa amana ne. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai karɓar irin waɗannan bayanai nauyin tsare su, da yin amfani da su a kan abin da aka karɓe su dominsa kawai.

Sannan ba kowace sana'a ce buƙatarta ta kai ga cikakken shafi ba. Mai shayi ko mai ƙosai da maƙwabta ne kasuwarsa, rajista a taswira ta ishe shi. Akwai kuma matsalolin da suka fi ƙarfin ɗan kasuwa ɗaya, kamar rashin wutar lantarki, tsadar data, da katsewar sadarwa irin wadda aka yi a Zamfara a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro. Don haka shafi ƙari ne a kan shago da littafin lissafi da lambobin abokan ciniki da aka rubuta a takarda.

Kammalawa

Ga mai sana'ar da kayansa suke iya tafiya nesa, ko yake neman hulɗa da kamfanoni, ko tambayoyin masu saye suke cinye masa lokaci, shafin intanet jari ne mai mayar da kuɗinsa. Yana sa a same shi, yana sa a amince da shi, kuma shi kaɗai ne wurin da yake mallakarsa a yanar gizo. Inda kuɗin ya yi wa mutum ɗaya nauyi, ƙungiya tana iya ɗauka: marina, ko dukawa, ko 'yan layi ɗaya a Kantin Kwari ko Dawanau, su haɗu a shafi guda, kowa da sashensa da lambarsa. Ya kamata shugabannin kasuwanni su jagoranci wannan, makarantun kimiyya da fasaha su horar da matasan da za su gina shafukan su kuma kula da su, masu sana'a su ba 'ya'yansu da suka yi karatu wannan ɓangare na aikin. Fatar Kano ta yi ɗaruruwan shekaru ana sayar da ita da sunan wata ƙasa domin majemi ba shi da hanyar isa ga mai saye. Yau hanyar ta samu, kuma wajibi ne masu sana'a su kama ta da sunansu.